Kifin da Na Soya, da Abin da Na Ɓoye wa Likita

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofa da makulli, kin kuma faɗa hannun mutanen da za su riƙe ki kamar tasu. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani.

Kin san rubutuna na yaƙi da jahilci ne, hannun ma yanzu ba ya jure biro, sai ki yi haƙuri da karkatar layi. Kwana huɗu ina rubutawa, kaɗan-kaɗan bayan la'asar. Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da baro shi ba. Magana ce da nake ta juyawa a baki tun ranar da kika shigo da takardarki kina murna, kika ce an tura ki ƙaramin asibitin wani ƙauye na bakin kogi can wajen Fagam, kuma cikin aikinki har da zaga gari kina wayar wa mutane kai a kan ruwan sha da kifin da ake kamowa a gurɓataccen ruwa. Kin ga na yi shiru, kika zaci rabuwa ce ta dame ni. Har da ita. Amma babban abin shi ne, irin mutanen da za ki je ki yi wa magana, na taɓa zama ɗaya daga cikinsu, kuma na fi yawancinsu taurin kai.

An gaya miki na taɓa suyar kifi a kasuwar Sara, hayaƙi ya taɓa mini ido na daina. Ni na ƙirƙiro zancen idon. Ga yadda aka yi.

Babanki ya rasu kina shekara biyu, ya bar ni da ku uku. Da na fita takaba, kawunki Sale ne ya ɗora ni a kan sana'ar. Shi masunci ne a can garinmu wajen Kangire, duk ranar kasuwa sai ya ɗauro mini kifi a bayan babur tun da sassafe, tarwaɗa da karfasa, ni kuma in gyara in soya a gefen masu tumatir. Da wannan kaskon na ciyar da ku. Ba zan zagi sana'ar ba, ta rufa mana asiri.

A bazarar shekara ta uku kifin ya canza. Ya yi yawa fiye da yadda aka saba a lokacin da ruwa ya ja baya. Jikinsa ya yi laushi, cikinsa a kumbure, ba sawun taru ko na ƙugiya, kuma in na farke shi wani wari ke tasowa, irin na maganin feshin da masu lambu ke goyawa a baya. Wata rana na zubar da hanjin a bayan ɗaki na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo na tarar da ƙudaje zube a kansa, matattu. Kazata wake-wake ta tsattsaga, ta wuni tana tangaɗi, kafin magariba ta mutu.

Da kawunki ya zo na ce masa, "Yaya, kifin nan lafiya kuwa? Ba na ganin sawun taru a jikinsa."

Ya ce, "Ruwa ne ya janye, Hauwa. Zafi ke gajiyar da su, su taso sama, mu kwasa da hannu. Allah ya kawo arziki, ke kuma sai tambaya."

Na san tafkin da yake zuwa. Yana bayan lambunan rani, nan manoma ke wanke abin feshinsu su jefa kwalaben, nan kuma kwatar unguwa ke gangarawa. Tun ina yarinya na san wurin. Amma na karɓi maganarsa, na ƙara yaji da tafarnuwa don su danne warin, na binne kazar, ban gaya wa kowa ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba rashin sani ba ne. Na yi tambayar ne yadda za a ba ni amsar da nake so. Safiya, idan idonki ya ga abu, kada ki tafi neman wanda zai lallashe ki ki ce ba ki gani ba. Kuma ki sani, yawancin waɗanda za ki tarar a bakin kogin nan sun riga ki ganin matattun ƙudaje. Kada ki ɗauke su jahilai. Mutum ne da bakuna a gida, ya ga abu ya kau da kai.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar lafiya ta zo kasuwa, irin aikin da za ki yi. Malama Rabi ake ce mata, doguwa, ba ta fi shekarunki na yanzu da yawa ba. Ta zo da lasifika da manyan hotuna. Ta ce kifin da aka tsinta yana yawo a mace, ko aka kamo inda ake wanke kayan feshi, ko inda kwata ke zuba, dafin yana shiga tsokarsa. Ta ce wani nan take yake kayar da mutum, wani kuma a hankali yake taruwa a jiki sai bayan shekaru, kuma masu ciki da ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Sai ta tako har gaban kaskona, mutane na tsaye suna jiran a naɗe musu, ta ɗaga ɗanyen kifi ɗaya ta shinshina, ta ce, "Baiwar Allah, wannan daga ina?"

Na ji kamar ta tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Na ce, "Daga ruwa. Ko kin taɓa ganin na bishiya?"

Aka yi dariya. Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba. Warin magani nake ji."

Na ce, "Wuta ba ta bar komai ba. Abin da ya shiga tafasasshen mai ya fito, ba sauran cuta a jikinsa. Ke ƙarshen wata ake kiranki a ba ki, ni marayu uku ke jirana." Na ɗauki tsoka ɗaya daga faranti na cinye a gaban kowa, na lashe yatsa. Kasuwa ta ɗauki shewa. Ta ajiye kifin, ta goge hannunta, ta ce a hankali, "Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kashe guba. Don Allah ko me za ki yi, kada ki ba yara." Ta wuce. Ranar kifina ya ƙare tun kafin la'asar, na koma gida ina jin na ci nasara.

Na daɗe ina tunanin matar nan. Ba na ɗora mata laifina. Amma tunda ke ce a matsayinta yanzu, ki ji daga bakin mai kasko: kada ki taɓa tsare mai sana'a a gaban masu sayenta. A wurin ba gaskiya take karewa ba, mutuncinta da tuwon 'ya'yanta take karewa, kuma za ta yaƙe ki ko ta san ke ce da gaskiya. Ki tambayi gidanta, ki je da yamma, ki yi sallama, ki zauna a tabarma, ki sha ruwan da aka ba ki in kin yarda da shi, in ba ki yarda ba ki ce kin ƙoshi ba tare da yatsina fuska ba. Kafin ki shiga cikin masunta ki fara gaida Sarkin Ruwa, don in ya ji labarinki a bakin wani, kin rasa shi. Kada kuma ki ce wa talaka ya daina cin kifi ki tsaya nan. Ki nuna masa wanda zai ci: mai rai ko wanda aka fito da shi yanzu, mai tauri, daga ruwa mai gudu, nesa da lambu da kwata. In kin hana mutum abu ba ki nuna masa madadinsa ba, kina juya baya zai koma.

Duk da haka ba zan yi miki ƙarya ba. Ko da Malama Rabi ta zo gida ta durƙusa, ban tabbata da na ji ba. Wasu za su ƙi ji ko ya kika yi. Ki faɗa, ki sake faɗa, ki koma wata mai zuwa. Ita ba ta sake dawowa ba, kuma ban ga laifinta ba, ni na kore ta.

Yanzu ga inda na fi jin nauyin rubutawa.

Bayan kamar sati uku, hadari ya taso ranar kasuwa, mutane suka watse da wuri, kifi ya yi kwantai. Na cika kwano na miƙa wa Binta ta kan katanga. Innarki Binta nake nufi, maƙwabciyarmu, wadda duk ranar kasuwa a wurinta nake barin ki. Tana da 'ya sa'arki, Ummi, ku biyu kuna shekara biyar-biyar. Ba na jin kina tuna fuskarta. Tare kuke wuni, zane ɗaya ake yanka muku riga. Binta ta ajiye kifin ya kwana, da hantsi ta ɗumama, kuka ci, ke da ita da Ummi.

Kafin azahar ke da Ummi kun fara amai da zawo, gumi na karyo muku, yawu na dalala. Binta ma ta kwanta, ko tashi ba ta iya yi. Mijinta, Malam Ya'u, aka kirawo daga gona, ya samo mota, ni da shi muka ɗauke ku zuwa asibiti a Birnin Kudu, aka bar Binta a hannun surukarta. A lokacin ana fama da amai da gudawa a ƙauyuka, gadaje duk a cike. Likita ya duba ku, ya juyo ya ce, "Me yaran nan suka ci yau?"

Malam Ya'u ya dube ni, don shi tun asuba yana gona. Ni kaɗai na sani a wurin. Na ce, "Koko da ɗumame."

Likita ya ce, "Ba wani abu? Ba su taɓa maganin feshi ko na ɓera ba?"

Na ce, "Babu."

Uban yarinyar na tsaye kusa da ni, yana riƙe da takalminta. Na kasa buɗe baki in ce kifina ne. Na gaya wa zuciyata ai ciwon da ke yawo ne, ai an sa ruwa, za ku tashi.

Washegari da hantsi numfashin Ummi ya fara sarƙewa, ke ma jikinki na karkarwa. Wata nas mai shekaru ta ja ni bayan ɗakin, inda ake shanya, ba kowa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yar'uwa, ni ma uwa ce. Ciwon yaran nan bai yi kama da na sauran ba. Abin da kika gaya mini a nan ba zai wuce kunnen likita ba." Nan na faɗa mata komai, da warin, da ƙudajen, da kazar. Ta bar ni tsaye ta ruga. Aka canza muku magani. Ke kika farfaɗo zuwa yamma. Ummi ta cika kafin a kira azahar.

Ban sani ba ko da na faɗa tun jiyan da ta rayu. Rai na Allah ne. Likitan ya dube ni kawai ya wuce gado na gaba. Amma na san kusan kwana guda na riƙe maganar da suke nema, kuma 'yata na kwance a gado ɗaya da ita. Waɗanda suka saya a kasuwa ranar kuwa, Allah kaɗai ya san gidajen da suka kai shi.

Don haka, idan aka kawo miki mara lafiya kika tambayi abin da ya ci, kada ki tsaya a amsar farko. Ki duba wa ke tsaye a wurin. Mace ba za ta faɗi gaskiya gaban miji ko suruka ko maƙwabci ba in gaskiyar za ta tona ta. Ki ja ta gefe, ki sassauta murya, ki ba ta hanyar da za ta faɗa ba tare da ta mutu da kunya ba. Ban san sunan nas ɗin nan ba har yau, amma saboda dabararta kike raye kina karanta takardar nan.

Gari ya ce ciwon da ke yawo ne ya ɗauki Ummi, wasu suka ce rijiyar unguwa ce. Na bar su suna faɗa. Ranar sadakar uku kawunki ya zo gaisuwa, na ja shi bayan rumbu na gaya masa abin da likita ya gano. Sannan ya ce da farko tsinta yake yi, daga baya da ya ga abin na sauƙi, shi ma ya fara tsiyaya ragowar kwalaben a ruwa da kansa. Ya ce, "Ba ni kaɗai ba ne, kowa haka yake yi. In kika buɗe baki ni za a kama, ke kuma ke kika soya. Wa zai riƙe yaran nan?"

Na kife kaskona, na koma ƙuli-ƙuli da wankau, na ce ido ne. Na ɗauka na tuba ke nan. Shi kuwa ya kai kifinsa wurin wasu mata. Shekaru ina wucewa ta gaban mai suya a kasuwa, na san daga inda kifinta ya fito, in ga uwa ta saya ta tsinka wa na goye, in ce "sannu da aiki" in wuce. Bai daina ba sai da tafkin ya daina ba da ko ɗan ƙaramin kifi. Ƙarshensa kin gani da idonki, kumburin ƙafa da ciwon ƙoda, a ɗakin nan na yi jinyarsa. Ban ce kifin ne ya jawo masa ba, ban sani ba, amma ya ci fiye da kowa. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana baki ɗaya.

Wanke hannunka kai kaɗai ka bar wasu suna ci, ba tuba ba ce, gudu ne. Na kira shi zumunci, na kira shi rufin asiri. Za ki haɗu da wannan a inda kike: mai zuba maganin ƙanin mai gari ne, ko mijin matar da ke ba ki ruwan zafi da safe. Ban ce ki tona kowa a bainar jama'a ba. Ki same shi shi kaɗai, in ya ƙi ki kai wa manyansa, in sun ƙi ki rubuta wa na sama da ke. Amma kada ki yi shiru don ana gaisawa.

Saura ɗaya. Kwana biyar kafin tafiyarki na shiga wurin Binta. Shekara goma sha takwas tun rasuwar Ummi muna katanga ɗaya, na yi mata wankan jego sau uku, ban taɓa faɗa mata ba. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Na zauna na faɗa mata tun daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Hannunta bai tsaya ba sai da na kai ga tambayar likita.

Ta ce, "Ke nan tun daga ruwa ya zo da abinsa?"

Na ce, "Tun daga ruwa."

Ta ce, "Ni na zaci ni ce. Na rufe shi a kwano ya kwana cikin zafi, na ce lalacewa ya yi a hannuna. Ni na cire mata ƙaya na sa mata a baki. Ko Malam ban taɓa gaya wa sun ci kifi ba."

Safiya, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina zaton kaina kaɗai nake ɓoyewa, ashe na bar baiwar Allah tana ɗauke da kayana shekara goma sha takwas, tana ganin ita ta kashe 'yarta, kuma kullum tana miƙo mini gishiri ta kan katanga.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi ki je gida, Hauwa. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ki bar ni in saba da shi tukuna."

Shi ya sa ranar tafiyarki kika ga ta kawo miki daddawa da yaji, ta riƙe hannunki ta daɗe tana sa miki albarka, amma ba ta dubi inda nake ba. Muna gaisawa da safe. Ba ta shigo ba, ni ma ban shiga ba. Haƙƙinta ne, kada ki sa baki. In kin zo hutu ki fara shiga wurinta kamar yadda kika saba.

Na gaji, 'yata. Ba gajiyar aiki ba, ta riƙon magana. Yanzu na sauke, sai dai na sauke a makare, kuma a kanki. Idan kin ji ba ki son jin muryata na ɗan lokaci, ba zan yi fushi ba. Idan kuma wata rana kika zauna gaban mai kasko tana yi miki dariya tana cewa wuta ba ta bar komai ba, ki ba ta labarin nan. Ki ce uwarki ce, na yarda. Sunan Binta da na Ummi ki bar su, ba nawa ba ne da zan ba ki.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kin san cikinki. Ki tafasa ruwan sha ko za a ce kina da iyayi. Kada ki shiga kwalekwalen da ya cika, ki jira na gaba. Ki riƙe sallarki, ki sa Ummi da babanki da kawunki a addu'a.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Allah ya sa wa bakinki albarka, ya ba ki haƙurin da za ki maimaita magana ɗaya sau ɗari ba ki ƙosa ba. Allah ya sa waɗanda za ki tarar su fi uwarki saurin ji. Ya dawo mini da ke lafiya, in da rabon mu gana. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa, daga Sara.